Jinjina ga maharban karkarar Sokode

Kparatao, kusa da Sokode a Togo, ta yi suna ne da dawaki, tun zamanin sarkin Kotokoli Uro Jobo Bukari da mahayansa Semasi. Amma ni yau maharba nake yi wa jinjina, tsofaffin da har yanzu kwari da baka ke rataye a bangon ɗakinsu.

Mai son koyon harbi ba ya bukatar jaka cike da sefa. Gora busasshiya ta isa baka, fatar da aka murɗa ta zama tsirkiya, kyauro kuma ga shi a fadama kyauta. Kan kibiya kaɗai zai kai shi wurin maƙeri, dafi kuwa ba ruwan ɗan koyo da shi.

Ka ga yadda tsoho ke gasa kyauro a bakin garwashi, ya miƙe shi da yatsu, ya kanne ido ɗaya ya leƙa tsawonsa. In kibiyarka ta goge gefen buhun ƙaiƙayin da ake koyon harbi a kai, dariya zai yi ya ce harbi ga wutsiya ya fi kuskure.

Samari, ku sayi goro ku je ku gaishe su tun suna raye.