Bargon Ƙyallaye: Ƙa'idar Littafi da Idon Matan Gee's Bend

A Amurka, duk wadda ta zauna koyon ɗinkin bargon ƙyallaye, abin da ake fara cusa mata shi ne rubu'in inci, wato tazarar da za ta bari tsakanin bakin ƙyalle da layin ɗinki. Sai a ba ta ƙyallaye tara masu kusurwa huɗu, girmansu ɗaya, ta haɗa su uku-uku. Bakin ɗinkin jerin farko ta kwantar da shi dama da dutsen guga, na biyu hagu, domin in an zo haɗawa su shige juna, kusurwa ta hau kan kusurwa. Tsananin yana da dalili. Kuskuren da bai fi kaurin zare ba, in ya maimaitu sau ashirin, bargon zai karkace, gefe guda ya fi ɗan'uwansa tsawo.

Sai dai akwai ƙauyen da wannan lissafi bai dame shi ba. Gee's Bend yana cikin wata lanƙwasar kogin Alabama, mazaunansa jikokin bayin da suka noma auduga a wurin ne, har yau da yawansu suna amsa sunan Pettway, ubangidan kakanninsu. Sanyi ne ya koya wa matan ɗinki, a gidajen katako da iska ke ratsawa. Tsohon wandon aiki na maigida, buhun fulawa, rigar da ta mutu, duk a farke a jera. Salon da suka fi so suna kiransa rufin ɗaki: ƙyalle ɗaya a tsakiya, a yi ta kewaye shi da dogayen tsaga har ya kai faɗin gado. Dubi bargon wandunan jins da kyau, za ki ga inda gwiwa ta koɗe, da shuɗin da ya rage a gurbin aljihun da aka cire. Layukan ba su miƙe ba, amma ido ba ya gajiya da kallo. A 2002 aka baje bargunan matan a gidan kayan fasaha na Houston, sannan a na Whitney a New York, kuma a 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki goma ɗauke da hotunansu.

A ganina masu koyarwa suna cakuɗa abu biyu. Tazarar ɗinki da guga maganar ƙarko ce, domin bakin da ya yi siriri zai tsefe tun wankin farko, wannan kam dole ne. Amma haɗuwar kusurwa zaɓi ne, kuma abin takaici ne a sa mai koyo ta yi ta warware aikinta har ta tsani allura.

Idan kina son farawa, ƙyallayen atamfa suna nan zube a ƙarƙashin keken telanku, gobe shara za a kai su. Ki roƙa, ki wanke su tukuna saboda masu zuba, ki soma da tara.