Kiɗan Aro, Muryar Gida: Nazarin Waƙar Kanton Ta Rayuwar Anita Mui

Masu kallon finafinan Chana a ƙasar Hausa sun san fuskarta, ko da ba su riƙe sunanta ba. Ita ce matar uban Jackie Chan a fim ɗin Drunken Master II na 1994, wadda ke tara ƙawaye a yi caca da zarar maigida ya sa ƙafa ya fita, a yi maza a ɓoye kayan cacar in an ji motsinsa, kuma ita ke zuga ɗan mijin nata ya kwankwaɗi giya ya shiga faɗa. Sunanta Anita Mui, kuma Jackie Chan ɗin da ta fito a matsayin uwa gare shi ya girme ta da shekara tara. A Hong Kong kuwa, ba da barkwanci aka fara saninta ba. Mawaƙiya ce da ta yi shekara ashirin da ɗaya tana jan zarenta a fagen waƙar zamani ta harshen Kanton, wadda duniya ta sani da Cantopop. Rayuwarta ta isa a ɗora nazarin wannan fage a kanta, musamman kan zargin da ya daɗe yana bin sa: wai waƙar aro ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Yadda harshen titi ya hau dandamali

Kanton shi ne harshen da mafi yawan mutanen Hong Kong ke yi a gida da kasuwa, amma har farkon shekarun 1970 waƙa da shi ba ta da wata daraja a idon masu boko. Ɗan gaye Turanci yake saurare, dattijo kuma waƙoƙin harshen Mandarin da suka samo asali daga Shanghai. Waƙar Kanton ta 'yan ƙwadago ce da masu aikatau.

Shekarar 1974 ta juya al'amarin. A shekarar ce gwamnatin mulkin mallakar Birtaniya ta amince da Sinanci a matsayin harshen hukuma tare da Turanci. A shekarar ce gidan talabijin na TVB ya sa mawaƙiya Sandra Lang ta rera taken wani wasan kwaikwayo da Kanton, da kiɗan Joseph Koo, waƙar ta game gari. A shekarar ce kuma Sam Hui ya fitar da waƙoƙin fim ɗin Games Gamblers Play, wanda suka yi da yayansa Michael Hui, da irin maganar da ake yi a tasha da gidan shayi. Tun daga tushe ke nan waƙar Kanton ba ta tsaya da ƙafarta ita kaɗai ba. Talabijin ya haife ta, fim ya goya ta. Kamfani guda kan riƙe gasar da ake zaƙulo mawaƙi, da shirin da zai tallata shi, da bikin da za a ba shi kyauta. Tauraro kuwa dole ya iya waƙa, ya iya fitowa a fim, ya iya riƙe taro.

Nan ne Hong Kong ta sha bamban da Indiya, da Kano ma. A finafinan Indiya da na Hausa, galibi mawaƙi daban, jarumin da ke motsa baki daban. A Hong Kong mutum guda ne ke mutuwa a ƙarshen fim, kuma muryarsa ce ke tashi da waƙar rufewa. Mai kallo ba ya raba ɗan wasa da mawaƙi, don haka duk abin da ya sami ɗaya ya shafi ɗayan.

Yarinyar filin wasa

An haifi Anita Mui ranar 10 ga Oktoba, 1963, auta a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta kuma na da 'yar ƙungiyar waƙa da raye-raye. Tun tana wajen shekara huɗu aka fara ɗora ta a dandamali tare da yayarta Ann, a filin shaƙatawa na Lai Chi Kok, daga baya kuma a gidajen rawa da gidajen abinci. Makaranta ba ta yi nisa ba. A wancan zamanin yarinya mai waƙar dare ba abar so ba ce a wajen iyayen ƙawayenta. Kallon 'yar bariki ake yi mata.

Yawan waƙa tun ƙuruciya ya ji wa maƙogwaronta ciwo, har ta dakata na wani lokaci. Da ta dawo sai muryar ta sauka, ta yi kauri da 'yar dishewa. Da wannan muryar ta shiga gasar sababbin mawaƙa ta TVB karo na farko a 1982, tana da shekara 18, ta zo ta ɗaya. A takarda sabuwa ce. A zahiri ta riga ta yi shekara goma sha huɗu tana koyon yadda ake shawo kan taron da bai zo don ita ba. Wannan horon na bariki shi ne jarinta, kuma shi ne abin da kamfani ba ya iya sayo wa kowa.

Aron kari, da wahalar baiti

Zargin aro ba ƙage ba ne. A shekarun 1980 kamfanonin Hong Kong sun riƙa sayen izinin karin waƙoƙin Japan da na Turai, su ba marubuci ya ɗora musu sababbin baitoci da Kanton. Waƙar Monica da ta ɗaga Leslie Cheung a 1984 daga Japan aka ɗauko ta. Waƙar da ta fi ɗaga Anita Mui, Bad Girl ta 1985, karinta na waƙar Strut ne ta Sheena Easton. Dalili a fili yake: kasuwa na neman sabon faifai kullum, masu ƙirƙirar kiɗa ba su da yawa, kuma karin da ya riga ya ci kasuwa a Tokyo ba a cika asara da shi ba.

To amma wanda ya tsaya a nan bai ga inda aikin yake ba. Kanton harshe ne mai karin sauti, kamar Hausa, sai dai nasa hawa shida ne. A waƙar Mandarin kunne na yi wa mawaƙi afuwa in kiɗa ya danne sautin kalma. A Kanton ba haka ba: idan kiɗa ya hau a inda kalma ke sauka, kalmar ta koma wata kalmar daban, ma'ana ta watse, wani lokaci ta zama abin dariya. Don haka marubucin baitoci ba fassara yake yi ba, ba zai ma iya ba. Ana miƙo masa kari a gama, sai ya bi gaɓa bayan gaɓa yana laluben kalmar da sautinta ya dace da hawa da saukar kiɗan, ta yi amsa-amo, kuma ta ba da ma'ana. Yadin na kanti ne, kowa na iya saya, amma ɗinkin na tela ne. Shi ya sa a Hong Kong ake kiran sunayen marubuta irin su James Wong da Cheng Kwok-kong da Richard Lam da girmamawar da ake yi wa mawaƙan kansu.

Richard Lam ne ya rubuta baitocin Bad Girl, inda mace ke faɗin sha'awarta da bakinta ba tare da neman afuwa ba. Wasu gidajen rediyo sun ƙi sa ta, faifan kuma ya sayar da kwafi sama da 400,000 a birnin da mutanensa ba su kai miliyan shida ba. Karin ya zo daga waje, amma rigimar da waƙar ta tayar ta cikin gida ce.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a 1989. Kamfanoni biyu suka ɗauki kari guda, na wata waƙar mawaƙin Japan Masahiko Kondo. Priscilla Chan, wadda ke shirin barin waƙa ta tafi karatu Amurka, ta rera shi da siririyar murya mai haske, ya zama bankwanar budurwa ga masoyanta, mai cike da alƙawarin tunawa. Anita Mui ta rera shi a matsayin taken fim ɗin A Better Tomorrow III, da baitoci kan faɗuwar rana, ya zama maganar wadda ta ga jiya ta ga yau, ta san haske ba ya daɗewa. Har gobe mutanen Hong Kong na musu kan wadda ta fi, kuma ba wanda ke ɗaukar su a matsayin waƙa ɗaya. Da a ce kari shi ne waƙa, da wannan musun bai taso ba.

Mai fuska ɗari

Bayan murya, abu na biyu da ta ƙara wa fagen shi ne shiga. Da taimakon mai zana mata tufafi, Eddie Lau, kowane faifai na zuwa da sabuwar kama: yau kwat ɗin maza da baƙin tabarau, gobe shigar matan Larabawa, jibi ta tsohuwar Shanghai. Daga nan aka yi mata laƙabi da mai sauya kama sau ɗari. Babban zauren Hong Kong Coliseum da aka buɗe a 1983, mai cin mutum kimanin 12,500, dandamalinsa a tsakiya yake, jama'a sun kewaye mawaƙi ta kowace kusurwa, babu bangon jingina. Ta cika shi dare 15 a jere daga ƙarshen 1985, sannan dare 28 daga ƙarshen 1987 zuwa farkon 1988.

'Yan jarida sun so kiran ta Madonnar Asiya, suna kwatanta ta da mawaƙiyar Amurka Madonna. Kwatancen ya rage mata. Mace ta sa kayan maza ta rera waƙar namiji tsohuwar al'ada ce a wasan opera na Kanton, inda Yam Kim-fai ta yi shekaru tana fitowa a matsayin saurayi, mata na tururuwar kallonta. Anita Mui a cikin wannan duniyar ta tashi. Abin da aka ɗauka kwaikwayon Amurka ne, rabinsa gadon gida ne da aka sake wa tufafi.

Fatalwar Shek Tong Tsui

Fim ɗin da ya haɗa waɗannan zaruruwa wuri guda shi ne Rouge na darakta Stanley Kwan, daga littafin Lilian Lee. Ta fito a matsayin Fleur, karuwar manya a unguwar Shek Tong Tsui a shekarun 1930. Farkon haɗuwarta da ɗan attajirin da Leslie Cheung ya fito a matsayinsa, tana sanye da doguwar rigar maza, tana rera tsohuwar waƙar Kanton a gaban masu shan shagali. Ya hawo bene, ta juyo ta ci gaba da waƙar tana kallon ƙwayar idonsa, ba ta ce masa uffan ba. Iyayensa suka ƙi auren, suka yi alƙawarin mutuwa tare. Ita ta mutu, shi ya rayu. Bayan shekara 53 ta dawo a fatalwa, ta shiga ofishin jarida tana son a buga mata cigiya. Unguwar da ta sani an rushe ta, gadar sama da kantuna sun maye gurbinta. Da ta same shi, tsoho ne tukuf da ke 'yan cike gurbi a wajen ɗaukar fim. Ta mayar masa da 'yar batta ta jan-baki da ya ba ta, ta juya.

An yi fim ɗin ne bayan yarjejeniyar 1984, wadda Birtaniya ta amince za ta miƙa Hong Kong ga Sin a 1997, da alƙawarin shekara hamsin ba a taɓa tsarin rayuwar birnin ba. Masu kallo ba su buƙaci a yi musu bayanin labarin alƙawari, da jira, da garin da ke ɓacewa a gaban idon mai shi ba. Fim ɗin ya ba ta kyautar gwarzuwar 'yar wasa a Taiwan da Hong Kong. A watan Mayun 1989 kuma tana cikin mawaƙan da suka yi gangamin waƙa a filin sukuwa na Happy Valley don goyon bayan ɗaliban Beijing masu zanga-zanga. Daga nan ta tashi daga tauraruwa ta koma wadda birni ke ganin kansa a jikinta.

A watan Satumban 2003, 'yan watanni bayan annobar SARS da mutuwar Leslie Cheung, ta sanar cewa tana fama da sankarar bakin mahaifa, cutar da ta kashe yayarta Ann a 2000. A Nuwamba ta yi wasa takwas a Coliseum. Ba ta taɓa aure ba, amma ta rufe wasan cikin farar rigar amare da Eddie Lau ya ɗinka, da waccan waƙar faɗuwar rana. Ta rasu ranar 30 ga Disamba tana da shekara 40. Karin ɗan Japan ne, amma shekara goma sha huɗu na rayuwarta sun riga sun shige cikinsa.

Inda masu suka suka yi gaskiya

Duk da haka, ba za a wanke tsarin tas ba. Wong Ka-kui na ƙungiyar Beyond, wadda ke ƙirƙirar kiɗanta da kanta, har ta yi wa Nelson Mandela waƙa a 1990, ya yi ƙorafin cewa Hong Kong harkar nishaɗi take da ita, ba fagen kiɗa ba. Tsarin ya ƙware wajen ƙera taurari, ya yi sakaci da renon masu ƙirƙira. Da zamanin karaoke ya zo, kamfanoni suka koma buga waƙoƙin soyayya masu sauƙin bi, kusan duk ɗaya. Satar fasaha da durƙushewar tattalin arzikin Asiya a 1997 suka karya cinikin faifai, babbar kasuwa kuma ta koma ta Mandarin, inda irin su Jay Chou na Taiwan ke zuwa da kiɗansu na kansu. James Wong ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Hong Kong a 2003 kan tashi da faɗuwar waƙar Kanton, ya rasu a shekarar da ta biyo.

Wannan muhawarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya ji ana sukar waƙoƙin finafinan Hausa da aron karin Indiya. Abin da tarihin Hong Kong ya nuna shi ne, tambayar daga ina kari ya fito ba ita ke raba waƙa mai daraja da maras daraja ba. Abin dubawa shi ne me aka ɗora a kansa, wa ya rera, kuma me ya faɗa wa mutanen wurin game da kansu. Da wannan ma'auni waƙar Kanton ta shekarun 1980 ta ci jarrabawa. Amma ya kuma nuna cewa aro na da wa'adi: yana ɗaukar fage muddin akwai marubuta irin su Richard Lam da murya irin ta Anita Mui da za su mai da shi na gida. Ranar da suka ƙare, ba a kuma reni masu ƙirƙirar kari ba, kamfani zai iya ci gaba da sayen izini, amma ba zai sami wanda zai miƙa wa ba.