Tubali da Nahawu: Sharhi a kan Littafin App Inventor 2 da Koyar da Ƙirar Manhaja a Jami'a

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce auna littafin nan mai suna App Inventor 2, wanda David Wolber da Hal Abelson da Ellen Spertus da Liz Looney suka wallafa a 2014, bayan bugu na farko na 2011. Littafin yana koyar da ƙirar manhajar wayar hannu ga ɗalibin da bai taɓa rubuta wa kwamfuta umarni ba. Tambayar da za mu bi ita ce: shin ya isa ya zama ginshiƙin darasi a jami'a, ko kuwa zaure ne kawai da ake ratsawa a shiga gida?

2.0 Tsarin Littafin

Kamfanin Google ne ya fara fitar da App Inventor ga jama'a a 2010, Abelson kuwa yana cikin jagororin aikin. Daga baya cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka ta karɓi ragamarsa. Hikimar abin ita ce ɗalibi ba ya rubuta umarni da haruffa. Wasu tubala ne masu launi yake jawowa a fuskar kwamfuta yana harhaɗawa, kowane tubali da bakin da zai shiga, wanda bai dace ba kuwa ba ya zama.

Littafin kashi biyu ne. Kashi na farko babi 13 ne, kowanne aikin hannu. A babin farko ɗalibi zai sa hoton kyanwa ya yi kuka idan an taɓa shi. Can gaba zai ƙera manhajar da ke amsa saƙo da kanta yayin da mai wayar yake tuƙi. Sai a kashi na biyu ne ake zuwa ga ƙa'idoji, wato ajiyar bayani, da sharaɗi, da maimaici, da jeri, da rumbun bayanai.

3.0 Inda Ya Yi Kyau

Wannan tsari na gabatar da aiki a kan ƙa'ida shi ne babban ƙarfin littafin, kuma malamin harshe zai gane shi nan take. Yaro yana magana kafin ya san mene ne aikatau. Haka nan ɗalibin da ya ga wayarsa ta yi masa biyayya a darasin farko, ba zai gudu ba idan aka zo bayanin dalili. Bugu da ƙari, littafin ya kama abin da ya bambanta manhajar waya da lissafin da aka saba farawa da shi: ita jira take yi a taɓa ta, ko saƙo ya shigo, ko a girgiza wayar, sannan ta amsa.

Babi na 11 ya cancanci yabo na musamman. An gina shi a kan dabarar FrontlineSMS, wadda masu sa ido suka yi amfani da ita a zaɓen Nijeriya na 2007. Saƙo ɗaya ne yake shigowa, wayar ta rarraba shi ga duk wanda ya yi rajista, ko da wayarsa ƙarama ce. A nan marubutan sun nuna cewa manhaja tana iya yi wa marar hali aiki.

4.0 Inda Ya Gaza

Naƙasu na farko daga ƙarfin nasa ya fito. Tubalin nan daidai yake da jadawalin musanya kalmomi da muke ba masu koyon harshe: duk jimlar da aka ɗauko daidai ce, domin an toshe hanyar kuskure tun farko. Amma wanda bai taɓa karya nahawu an gyara masa ba, bai mallaki nahawu ba tukuna. Tun 2019 Google ya fifita harshen Kotlin wajen ƙirar manhajar Android, kuma a can aya ɗaya da ta ɓace tana iya tsayar da aiki. Littafin bai gina wa ɗalibi gadar da zai haye zuwa rubutu ba.

Naƙasu na biyu ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. Misalan littafin na mai jin Ingilishi ne: yawon buɗe ido a Faris, da kacici-kacici a kan shugabannin Amurka. Sauya misali abu ne mai sauƙi. Abin da ya fi nauyi shi ne littafin bai koya wa ɗalibi cewa haruffa ma matsala ce ta ƙira ba. Alal misali, a tsarin Unicode lambar k 107 ce, ta z 122, amma ta ƙ 409, ta ɓ 595, ta ɗ kuma 599. Ke nan duk manhajar da ta jera kalmomi bisa lamba kawai za ta kai "ƙasa" da "ɓera" da "ɗaki" bayan "zuma". Ɗalibin da ya ƙera ƙamus ko rajistar sunayen 'yan aji zai ci karo da wannan a makon farko, kuma ba zai sami amsa a littafin ba. Abin da ake tsoro shi ne ya zaɓi hanya mai sauƙi, ya watsar da lanƙwasar haruffan baki ɗaya, "ƙafa" ta koma "kafa".

5.0 Kammalawa

A ganinmu littafin ya dace da zangon farko, musamman ga ɗaliban harshe da na ilimi waɗanda ba su da niyyar zama injiniyoyi. Daga nan sai a wuce zuwa harshen da ake rubutawa. Muna kuma ba da shawarar malamin kwamfuta ya haɗa kai da malamin Hausa su ƙara babi guda nasu: ɗalibi ya ƙera manhajar da za ta jera kalmomin Hausa yadda ƙamus yake jera su. Wanda ya warware wannan ya koyi jeri da sharaɗi da maimaici, ya kuma koyi martaba harshensa.