Suturar Ɗan Acaɓa a Ƙasar Maƙarfi: Sharhi a Kan Aro da Gado

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kowace sana'a tana da suturarta. Maƙeri yana da walki, mafarauci yana da rigar layu, barde kuwa yana da lifidi da kwalkwali. Sana'ar haya da babur, wadda ake kira acaɓa a Kano da Zariya, kabu-kabu a Sakkwato, ta yaɗu ne tun daga shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya tsananta, amma har yanzu ba ta sami sutura tata ta kanta ba. Manufar wannan sharhi ita ce a auna abin da ɗan acaɓa yake sawa a Ɗandamisa da sauran garuruwan Maƙarfi da Kudan da Ikara, domin a ga tushen da ya kamata mai son kafa sana'ar ɗinka wa mahaya tufafi ya ɗora ta a kai.

Suturar da Ake Gani

Wanda ya tsaya a bakin hanya da sanyin hunturu zai ga ɗan acaɓa cikin jaket na gwanjo, da hular sanyi, da ƙyalle a hanci, wani lokaci da rigar ƙungiya mai lamba a baya. Ba a yi ko ɗaya daga cikinsu dominsa ba. An ɗinka jaket ɗin ne saboda dusar ƙanƙara ta wata ƙasa, don haka da asuba yakan yi amfani, amma kafin azahar ya zama azaba. Rigar ƙungiya kuwa hukuma take wa aiki, tana shaida wane ne mahayin, ba ta kāre gwiwar hannunsa in ya faɗi. Ga shi kuma aikin karkara ya bambanta da na birni, domin a nan babur yana ɗaukar buhun masara da damin rake da mai naƙuda, a kan hanyar da take ƙura da rani, taɓo da damina.

Hular kwano ta isa misali. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa ta a watan Janairu na 2009, an ga waɗansu mahaya sun kifa ƙwarya a ka. Abin ya ba mutane dariya, amma ya nuna cewa suturar da aka ɗora wa mutum ba tare da an duba aljihunsa da yanayinsa ba, dabarar kauce mata zai nema, ko da kuwa ransa take tsarewa.

Kuskure Biyu

Kuskure na farko shi ne kwaikwayon Amurka. Baƙar rigar fata ta mahaya, wadda kamfanin Schott ya fara yi a 1928, fim ɗin Marlon Brando na 1953 kuma ya yayata ta, alama ce ta saurayi mai bijire wa jama'a, wanda yake hawa don nishaɗi. Ɗan acaɓan Ɗandamisa magidanci ne mai neman cefane, kuma jarinsa shi ne yardar mutanen gari. Suturar da za ta ba shi kamar ɗan daba za ta kore masa fasinja.

Kuskure na biyu shi ne a ɗauko jaket ɗin baƙi a yi masa zanen aska takwas ko dagi, a ce an mayar da shi na gida. Wannan ado ne kawai. Al'ada a cikin tufa tana ga yanka da amfani: shin mutum zai iya naɗe hannu ya yi alwala, ya durƙusa ya gai da manya, ya shiga sahu ba tare da ya tuɓe ba?

Darasin Lifidi

Gadon da ya fi dacewa a duba shi ne lifidi, wato rigar kariya da ake cusa wa auduga ko rimi a ɗinke, wadda mahaya dawakin yaƙi suka sa, ake kuma ganinta a hawan salla na Zazzau. Hikimarta ita ce an yi ta da kayan gida, an kuma kauraya ta daidai inda rauni yake zuwa. Telan Maƙarfi da badukun Zariya za su iya bin wannan tafarki: yadi mai shan iska, fata a gwiwa da kafaɗa, aljihun canji mai rufi, zare mai ƙyalli saboda dare. Sai dai lifidi bai maye gurbin kwalkwali ba, haka nan babu rigar da za ta maye gurbin ingantacciyar hular kwano.

Kammalawa

Sana'ar tana da haɗari, domin doka takan tsayar da babur dare ɗaya, kamar yadda aka hana acaɓa a birnin Kano a 2013, ga kuma arhar gwanjo da ba a iya gasa da ita. Saboda haka telan da zai shiga, tashar 'yan acaɓa ce makarantarsa ta farko. Ma'aunin aikinsa kuwa guda ne: rigar da mahayi zai saya da kuɗin guminsa, ya sa ta ba don tsoron jami'i ba.