Taurarin Michelin da baƙo mai yunwa

Duk wanda ya tashi zuwa Faransa bakans, ko ɗalibin da ke karatu can ya samu ƴan kwanakin hutu, in ya tambayi inda zai ci abinci mai daɗi, sunan da za a fara ja masa shi ne Guide Michelin. Littafi ne mai jan bango, kuma a wajen masu dafuwar ƙasar maganarsa kamar hukuncin alƙali take. Ni kuwa a ganina littafi ne mai kyau da aka rubuta wa wani mutum daban.

Mu duba asalinsa. A 1900 ne wasu wa da ƙane, André da Édouard Michelin, masu masana'antar tayar mota a Clermont-Ferrand, suka fara buga shi, suna raba shi kyauta. Dabarar a fili take: mai mota ya yi ta yawo, taya ta cinye, ya sayi sabuwa. A 1926 suka fara ba gidajen abinci tauraro, a 1931 taurarin suka kai uku. Ku lura da ma'anarsu. Guda, abinci ne mai kyau ƙwarai a ajinsa. Biyu, ya isa ka ratse daga hanyarka saboda shi. Uku, ya isa ka ɗaura tafiya takanas. Wato da kilomita ake auna daɗin miya! Mu da muke karatun harshe mun san bakin mutum ba ya ɓoye sana'arsa, kuma wannan bakin mai sayar da taya ne.

Gaskiya dai littafin yana da abin yabo. Masu bincikensa a ɓoye suke zuwa, su ci, su biya kamar kowa. Tun 1997 ma ya ƙara alamar Bib Gourmand don gidajen da ke da abinci mai kyau da kuɗi madaidaici. Sai dai mai karatun da yake zato yana da mota, yana da aljihu, kuma ba ruwansa da abin da aka zuba a tukunya. Yuro guda kusan sefa 656 ne, ke nan farantin yuro 20 ya haura jika 13. Wanda zai biya wannan, ai ya kamata ya san mi zai haɗiya.

Nan ne tauraro ya yi shiru. Sunayen abincin Faransa sukan faɗi gari ko salon dafuwa, su bar kayan haɗin. Quiche lorraine, in ka ji sunan sai ka ce ƙwai ne da madara, alhali da guntayen naman alade a ciki, waɗanda suke kira lardons. Bœuf bourguignon naman sa ne, amma cikin jar giya ake dafa shi, galibi har da lardons ɗin. Cassoulet wake ne, da alade kwance a ƙarƙashi. Moules marinières da farar giya ake yi. Gidajen gargajiyar Liyon da ake kira bouchon, waɗanda kowane littafin jagora ke yabo, alade ne ƙashin bayan girkinsu. Bafaranshe ya san duk wannan tun yana yaro, shi ya sa ba a rubuta masa. Mu da muka koyi Faransanci a lakwal, mun iya nahawun, amma ba a koya mana tukunyar ba.

To mi ya fi? Allon ƙofar gidan ya fi littafin amfani. Doka ta tilasta wa kowane gidan abinci ya kafa farashinsa a waje, ka karanta kafin ka shiga. Carte ita ce jerin duk abin da ake sayarwa, menu ko formule kuwa haɗi ne mai farashi guda, kuma na rana ya fi na dare araha. In jerin gajere ne, da plat du jour rubuce da alli, alama ce ana dafawa a nan. Tun 2014 doka ta tsare kalmar fait maison, ba a sa ta sai ga abin da aka girka a gidan daga ɗanyen kaya. Ladan mai hidima yana cikin farashi. Ruwan famfo kyauta ne in ka ce carafe d'eau; in ka ce ruwa kawai, ana iya kawo maka na kwalba, ka biya. Ka kuma kula da lokaci, gidaje da yawa suna rufe kicin wajen ƙarfe 2 na rana, sai 7 na yamma ko bayan haka.

Daɗin kuma yana nan ga mai nema: sole meunière, kifi da man shanu da lemun tsami, ko ratatouille ta ganyen kudu, ko cuku da burodi mai zafi. Mai son nama hankali kwance, babban masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, yana da gidan abincinsa. Kuma kar kunya ta hana ka tambayar mai hidima ko da alade ko giya a ciki. Matambayi ba ya ɓata, kuma kuɗinka ne.