«Gyara» ba «réparer» ba ce: sharhi a kan wata al'adar fassara a Damargu

1. Matsala

A takardun wayar da kai da ake rarrabawa a gundumomin Tanut da Belbeji (wadda aka cire daga Tanut a 2011), masu fassara sun saba sa kalmar gyara duk inda Faransanci ya ce réparer, ko réfection, ko réhabilitation. Muna ganin wannan al'ada kuskure ce ta fuska biyu: tana taƙaita ma'anar gyara, tana kuma binne aikatau da dama waɗanda masu sana'a ke amfani da su.

2. Faɗin ma'anar gyara

Réparer na buƙatar ɓarna ta riga ta auku. Gyara ba ta da wannan sharaɗi, kamar yadda misalan nan ke nunawa:

(1) Gyara in wuce.
(2) Ya yi gyaran murya.
(3) An yi wa amarya gyaran jiki.
(4) Mai hatsi ya ba ni gyara.

Babu abin da ya lalace a cikinsu. A (4) ma gyara suna ne, wato ɗan ƙarin da mai sayarwa ke yi bayan awo. Abin da ya haɗa su shi ne mai da abu yadda ya kamata ya kasance. Saboda haka ne karin maganar nan «gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba» ke magana a kan kayan da suka karkace, ba waɗanda suka fashe ba.

3. Aikatau na musamman

In an zo ga ɓarna ta ainihi, Bahaushe yakan zaɓi aikatau bisa ga irin abin da irin lahanin: a ɗinke salka ko guga, a yi wa riga maho, a liƙe tulu, a toshe kafa, a yaɓe bango, a yashe rijiya. Ƙashi kuwa ɗori ake yi masa. Ƙwaryar da ta tsage aikin gyartai ce, kuma shi ma ɗinke ta yake yi. Faci, aron Ingilishi, ya shigo da tayar keke da ta mota.

Za a lura cewa ɗinke, liƙe, toshe, yaɓe da yashe duk suna cikin rukuni na 4 a tsarin da Parsons ya fitar a 1960, rukunin da ke nuna kammala aiki gaba ɗaya. Wanda ya ɗinka riga ya yi sabuwa; wanda ya ɗinke riga ya rufe yagewa. Daga nan ne aka sami «ɗinke ɓaraka» tsakanin dangi. Fassarar da ta tsaya ga gyara kaɗai tana shafe wannan bambanci.

4. Abin da ake asara

Maganar ba ta nahawu kawai ba ce. A Damargu rijiyoyi na da zurfi ƙwarai, kuma makiyaya da manoma duk a kansu suka dogara da rani. In takarda ta ce «za a gyara rijiya», mutanen gari ba su san ko yasa za a yi ba, wato kwashe rairayin da ya cike ta, ko kuwa sake ɗaure cikinta da siminti. Na farko aikin gayya ne da suka iya. Na biyu na buƙatar kuɗi da magina. Alkawarin da aka ɗauka da kalma mai fuska biyu, kowa zai fahimce shi yadda ya so, daga baya a zargi juna.

5. Kammalawa

Ba mu ce a daina amfani da gyara ba. Ita ce uwa, sauran kuwa ƴaƴanta ne. Shawararmu ga masu fassara da ɗalibanmu ita ce, kafin su rubuta ta, su tambayi kansu: mene ne ya ɓaci, kuma wace kalma mai sana'ar ke faɗi in ya zo aikin?