GAMA-GARI KO NA KOWA DA KOWA?

Masu fassara littattafan yaƙi da jahilci sun saba ɗaukar kalmar "gama-gari" su ajiye ta duk inda Faransanci ya ce universel ko général. A ganinmu wannan ɗabi'a tana bukatar gyara, kuma harshen mutanen Holan zai taimaka wajen nuna inda gizo ke saƙar.

A harshen nan akwai sifa algemeen, wadda aka ƙera daga al, wato duka, da gemeen, wato abin tarayya. Da ita suke kiran ƴancin jefa ƙuri'a ga kowa, algemeen kiesrecht, wanda mazansu suka samu a 1917, matansu kuma a 1919. Abin lura shi ne, gemeen ita kaɗai ta lalace a bakin jama'a, har ta koma nufin mugu ko ƙasƙantacce. Ɗafin al ne ya raba ma'anonin biyu, kowace ta kama gidanta.

Hausa ba ta yi wannan rabo ba. "Gama-gari" tana ɗauke da ma'anonin biyu a jiki guda. Idan an ce yajin aikin gama-gari, ko suna gama-gari a nahawu, babu mai tuntuɓe. Amma a kasuwar Tasawa, in dillali ya ce zanen nan gama-gari ne, ai kushe shi ya yi: kowace mace tana da irinsa, ba ya kai amarya ɗaki. Haka in an ce wane ba gama-garin mutum ba ne, yabo ne. To, manomin Mayahi da ya bar gyaran rumbunsa ya zo ajin dare, ya tarar an rubuta masa "ilimin gama-gari" a allo, wace ma'ana za ta fara zuwa kunnensa? Ta kasuwa, ba shakka. Sai ya ɗauka ragowar ilimi aka kawo wa talaka.

Saboda haka muna ba da shawara a bambanta. Inda ake maganar hakki, kamar ƙuri'ar da dokar Faransa ta 1956 ta buɗe wa maza da mata a Nijar, a ce "na kowa da kowa", domin tana ƙirga mutane ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage darajar abin. Inda ake nufin abin da ya game ƙasashe duka, Bahaushe ya riga ya tanadi "ruwan dare gama duniya", daga nan "gama-duniya" za ta fito ba tare da tilas ba. A bar wa "gama-gari" yajin aiki da nahawu, inda ta riga ta zauna.